Daga Zugazugi Zuwa Tef ɗin Tela: Waiwaye Kan Na'urar Numfashi

A watan azumin 2020, lokacin da korona ta sa aka kulle garuruwa, labari ya riƙa fitowa daga Potiskum da Gashuwa da Nguru cewa jana'iza ta yi yawa, kuma galibin waɗanda ake kaiwa makwanci dattawa ne. Gwamnatin Yobe ta sa a bincika. A kwanakin nan ne mutanen da ba su taɓa leƙa ɗakin kulawa ta musamman ba suka fara jin sunan wata na'ura a rediyo safe da yamma, na'urar taimaka wa numfashi, wato bentileta. Kowa ya koma lissafi: guda nawa ke Kano, nawa ke Maiduguri, nawa ke Damaturu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu aiki a asibitocin gwamnati na ƙasashen Afirka 41 ba su kai 2,000 ba.

Kukan yana kan hanya. Sai dai akwai tambayar da ta ɓace a cikin hayaniyar: idan na'urar ta samu, aka jona ta a maƙogwaron mutum, iska nawa za a tura masa a kowane numfashi? Kusan duk tarihin wannan na'ura yana rataye ne a kan wannan tambaya, kuma manyan likitocin duniya sun shafe fiye da shekara talatin suna ba ta amsar da ta yi sanadin rayuka masu yawa, alhali niyyarsu ceto ce.

Baligi mai lafiya idan yana zaune, abin da yake ja a numfashi ɗaya bai wuce mililita 500 ba, cikin ledar fiya wata guda ke nan. Ƙirji ne ke buɗewa, iska ta bi ta shiga da kanta har ƙananan jakunkunan huhu, inda oksijin ke ratsa wani bango siriri ya shiga jini. Na'ura kuwa tura iskar take yi daga waje da ƙarfi. Tun farkon fari masu lura sun ga haɗarin wannan turi. A 1667 Robert Hooke ya nuna wa masanan Landan cewa za a iya riƙe ran kare da zugazugi ko da an buɗe ƙirjinsa. Daga baya ƙungiyoyin ceton waɗanda ruwa ya ci a Turai suka riƙa ajiye zugazugi a bakin kogi. Wani likitan Ingila, John Fothergill, ya yi gargaɗi tun wajen 1745 cewa hura iska baki da baki ya fi aminci, domin huhun mutum zai iya jure abin da huhun ɗan'uwansa ya huro, amma ƙarfin zugazugi ba shi da ma'auni. A 1827 Leroy d'Etiolles na Faransa ya gwada a kan dabbobi ya ga zugazugi na fasa huhu, sai aka yi watsi da shi. Darasin ya zo da wuri, aka kuma manta da shi.

Shan inna ce ta tilasta wa duniya komawa kan maganar. Mu a nan mun fi saninta da shanye ƙafa, amma idan ta hau sama takan shanye naman da ke motsa ƙirji, yaro yana kallo numfashi ya gagare shi. A 1928 Philip Drinker da Louis Shaw na Jami'ar Harvard suka ƙera wani tankin ƙarfe da ake kwantar da mutum a ciki, kansa kawai ke waje. Injin yana zuƙe iskar cikin tankin, ƙirji ya buɗe, sannan ya sake ta. Huhun ƙarfe ake ce masa. Ya ceci mutane, amma yana da tsada da nauyi, jinyar wanda ke cikinsa kuma wahala ce.

A damunar Turai ta 1952 annobar shan inna ta afka wa Kofenhagen, babban birnin Denmak. Asibitin Blegdam, inda ake kai masu cututtuka masu yaɗuwa, huhun ƙarfe ɗaya tak gare shi, sai wasu ƙanana shida da ake ɗaurawa a ƙirji. A cikin mutum 31 na farko da cutar ta taɓa numfashinsu, 27 suka rasu. Shugaban asibitin, Henry Lassen, da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ya yarda a kira wani likitan sa barci a ɗakin tiyata mai suna Bjørn Ibsen. Ibsen ya duba gawarwaki da sakamakon jini ya ce ba ƙwayar cutar ce kai tsaye ke kashe su ba, gurɓatacciyar iskar kabon ce ke taruwa a jini saboda ba sa fitar da ita. Ranar 27 ga Agusta aka ba shi wata yarinya 'yar shekara 12 da ke rai kwakwai mutu kwakwai. Aka huda maƙogwaronta aka sa bututu, ya kama jakar roba ya riƙa matsawa da hannu. Ta rayu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi taɓa ni a duk labarin. Babu injin da zai yi wannan matsi, sai aka kira ɗaliban likitanci da na haƙori, kusan 1,500, suna karɓa-karɓa dare da rana, kowane yana zaune a gefen gadon yaro da jaka a hannu na tsawon sa'o'i. Ɗalibi ya san idan ya yi gyangyaɗi yaron ya tafi. Wasu kan karanta wa yaran littafi da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan jaka. Mace-mace ta sauko daga kusan kashi 87 cikin ɗari zuwa kusan 40. Daga wannan annoba aka samu ɗakin kulawa ta musamman irin na yau, wanda Ibsen ya buɗe a 1953, aka samu auna iskar jini ta hannun Poul Astrup, aka samu jakar Ambu da Henning Ruben da Holger Hesse suka fito da ita 'yan shekaru bayan haka, wadda har yau ake gani rataye a ɗakin haihuwa da motar asibiti. Mu kuwa shan inna ta ci gaba da zama tare da mu har fiye da shekara sittin bayan nan. An ga nau'inta na asali, wanda ake kira na daji, karo na ƙarshe a Borno a 2016, sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da shi.

Yaran Kofenhagen huhunsu lafiya lau yake, naman ƙirji ne ya mutu. Matsala ta fara ne da aka ɗauki na'urar aka kai ta kan mutanen da huhun kansa ne ya kamu. A 1963 Bendixen da abokan aikinsa a Boston suka nuna cewa wanda aka sa wa barci don tiyata, idan ana ba shi ƙaramin numfashi, wasu sassan huhunsa na lanƙwashewa su rufe, oksijin ya ragu a jini. Maganin da suka gani shi ne babban numfashi. Nan da nan ya zama ka'ida a koyar wa kowane ɗalibi: mililita 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyin jiki. Mai kilo 70 sai a riƙa ɗura masa kusan lita guda, ninki biyu na abin da yake ja da kansa. Sakamakon jini kuma yana fitowa da kyau, wanda shi ne ya daɗe yana rufe idon kowa.

A 1967 Ashbaugh da Petty da abokansu a Denver suka bayyana wasu marasa lafiya 12 da suka zo da cututtuka daban-daban, wani haɗarin mota, wani ciwon huhu, wani ciwon ciki, amma duk suka ƙare a hali ɗaya: huhu ya jiƙe da ruwa, ya yi tauri, oksijin ya ƙi shiga. Shi ne ciwon da likitoci ke kira ARDS, shi ne kuma ya kashe akasarin waɗanda korona ta kwantar a ɗakin kulawa ta musamman. Da huhu ya yi tauri, sai likita ya ƙara wa na'ura ƙarfi don ta cika adadin da littafi ya ce. Mara lafiya ya rasu, a rubuta cewa cutar ce ta yi tsanani.

Beraye ne suka fara tona asirin. A 1974 Webb da Tierney suka jona lafiyayyun beraye a na'ura da matsi iri-iri. Waɗanda aka ba matsi mai ƙarfi, 45 a ma'aunin santimitar ruwa, huhunsu ya cika da ruwa, suka mutu kafin awa guda, alhali ba su da ciwon komai. Waɗanda aka bar musu ɗan matsi a ƙarshen kowane numfashi don kada jakunkunan su rufe gaba ɗaya sun fi tsira. Rahoton ya fito a babbar mujalla, aka karanta, aka ce ai bera ba mutum ba ne.

A 1988 Didier Dreyfuss da Georges Saumon, a wani asibiti kusa da Faris, suka yi gwajin da ya raba gardama. Suka ɗaure ƙirji da cikin wasu beraye tam, yadda ko an tura iska da ƙarfi huhu ba zai samu wurin kumbura ba. Matsin ya yi sama, amma huhun bai lalace ba. Wasu kuma aka sa su a ɗan ƙaramin huhun ƙarfe wanda ba ya turi ko kaɗan, aka riƙa buɗe ƙirjinsu fiye da kima. Nasu huhun ya lalace. Ashe miƙewar da ta wuce iyaka ce ke yaga huhu. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai busa algaita ko kakaki a ƙofar fada ya ga hujjar da idonsa: kumatu sun kumbura, jijiyoyin wuya sun tashi, matsin da ke ƙirjinsa ya ninka wanda ya kashe berayen can, amma yana gama busa ya tafi gida lafiya, domin naman ƙirjinsa yana riƙe da huhun daga waje, bai bar shi ya miƙe ba.

A Milan kuma Luciano Gattinoni ya riƙa kai masu wannan ciwo ɗakin hoton siti-sikan, abin da mutane da yawa ke ganin ganganci ne a lokacin. Hoton ya nuna cewa huhun bai yi tauri gaba ɗaya ba. Ɓangaren da ke wajen baya, inda mutum ya kwanta a kai, ya nutse cikin ruwa ya rufe, ɗan abin da ya rage a buɗe kuwa bai fi huhun yaro ɗan shekara biyar ko shida ba. Duk litar da ake turawa wannan ɗan guntun take shiga. Garin neman gira ana rasa ido. Daga baya Tremblay da Slutsky a Toronto suka nuna cewa huhun da aka wahalar haka yana sakin sinadaran kumburi, wanda ya taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa irin waɗannan marasa lafiya kan mutu da lalacewar ƙoda da hanta da faɗuwar jini.

Wanda ya fara yin ta maza a kan mutane shi ne Keith Hickling a Christchurch ta ƙasar Niw Zilan. A 1990 ya ba da rahoton marasa lafiya 50 da ya rage wa numfashi, ya bar iskar kabon ta ɗan hau a jininsu da gangan, abin da tun zamanin Ibsen ake gudu. Waɗanda suka rasu ba su kai rabin abin da lissafi ya yi hasashe ba. A 1998 Marcelo Amato na Sao Paulo a Birazil ya gwada a kan mutum 53: kashi 38 suka rasu a ɓangaren ƙaramin numfashi, kashi 71 a ɗaya ɓangaren. Wasu gwaje-gwaje uku a shekarun nan ba su ga bambanci ba, gardama ta ci gaba. Sai a shekarar 2000 sakamakon babban gwajin asibitocin jami'o'in Amurka ya fito. Mutum 861, rabi an ba su mililita 12 ga kowane kilo, rabi an ba su 6, tare da hana matsi wuce 30. Kashi 39.8 suka rasu a rukunin farko, kashi 31 a na biyu. Aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa, domin ci gaba da ba wasu babban numfashi ya zama zalunci. Wani abin lura shi ne a kwanakin farko waɗanda aka ba babban numfashi ne oksijin ɗinsu ya fi kyau a takarda, kuma su suka fi mutuwa.

Daga berayen 1974 zuwa wannan sakamako shekara 26 ce. A ganina wannan jinkiri ya isa ya sa duk mai aikin asibiti ya yi tunani, domin abin da aka gano ba sabon magani ba ne, ba sabon inji ba ne, murɗa maɓalli ne a rage lamba.

Kilon da ake magana a kai ba na sikeli ba ne. Huhu tsawon mutum yake bi, ba ƙibarsa ba. Hajiyar da ta yi jiki huhunta bai ƙaru da ko ɗan yatsa ba. Don haka ake auna tsawo, a fitar da nauyin da ya dace da shi. Namiji mai santimita 170 lissafinsa kilo 66 ne, numfashinsa kusan mililita 400. Mace mai santimita 155 kilo 48 ce a lissafi ko da sikeli ya nuna 80, nata bai kai mililita 300 ba. Idan aka jona ta aka bar na'ura a kan 500 don lambar ta yi kama da daidai, an ba ta fiye da mililita 10 ga kowane kilo ke nan, an mayar da ita zamanin da aka baro. Wani bincike da ya leƙa ɗakunan kulawa ta musamman 459 a ƙasashe 50, wanda aka buga a 2016, ya gano cewa likitoci ba sa ma gane ciwon a kusan mutum huɗu cikin goma, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiya ana ba su iskar da ta wuce kima. Mata, musamman gajeru, su suka fi shan wannan. Kayan aikin da zai hana hakan tef ne irin na tela, wanda ko a kasuwar ƙauye ana samu.

Ci gaba na biyu mafi girma shi ma bai ci kuɗi ba. A 2013 Claude Guérin da abokansa a Faransa da Sifen suka nuna cewa kwantar da mai tsananin ciwon rub da ciki na aƙalla awa 16 a rana ya rage mace-mace daga kusan kashi 33 zuwa 16, domin ɓangaren bayan da ya nutse yana samun buɗewa. Abin da yake buƙata shi ne ma'aikata huɗu ko biyar da suka san yadda za su juya mutum ba tare da bututu ya fita ba.

To, me duk wannan ke nufi ga mai zama a Nguru ko Gashuwa? Abubuwan da ke tauye numfashi a wannan yanki sanannu ne. Limoniya ga yara, musamman idan hunturu ya sauko da ƙura ko bayan ƙyanda. UNICEF ta ƙiyasta cewa a 2018 kaɗai ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar 162,000 a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Mashaƙo, wanda a 2023 Yobe na cikin jihohin da ya fi addaba bayan Kano. Jijjigar masu ciki da zubar jini bayan haihuwa. Haɗarin mota da babur. Gubar maganin ƙwari. Ga ciwon ƙoda da Gashuwa ta daɗe tana fama da shi, wanda idan ya yi nisa ruwa kan taru a huhu, kuma abin da mai shi ke buƙata wankin ƙoda ne kafin komai. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da babban asibitin Gashuwa su ke karɓar mutanen ƙauyukan fadama da na tudu, har da na ƙetaren iyaka. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin wurin kuma, tafiyar sa'o'i ce a gabansa zuwa Damaturu ko Kano ko Maiduguri.

A kan wannan hanya ne darasin 2000 ya fi shafar mu. A bayan mota, abin da ke tsakanin mara lafiya da mutuwa sau da yawa jakar Ambu ce a hannun nas. Ta manya tana ɗaukar kusan mililita 1,500. Wanda tsoro ya kama, 'yan'uwa na salati a kansa, mota na tsalle a rami, hannu biyu zai sa ya matse ta gaba ɗaya, da sauri kuma, don zuciyarsa na gaya masa yawan iska shi ne taimako. Abin da ake koyarwa shi ne hannu ɗaya, matsi a hankali har ƙirji ya ɗan ɗaga, sannan a saki, sau ɗaya duk bayan daƙiƙa shida ga baligi. Mai wannan aiki ɗalibin Kofenhagen ne na zamaninmu, kuma haƙƙinsa ne a zaunar da shi a koya masa da 'yar tsana kafin ranar ta zo.

Ita kanta na'urar, ba a ajiye ta kamar firji. Tana son wutar da ba ta ɗaukewa, oksijin da ba ya yankewa, magungunan sa barci, injin zuƙe majina, da nas da ba za ta bar gefen gado ba. Idan ɗaya ya ɓace, na'urar kan zama haɗari. Gwaji biyu a kan yara sun nuna haka ƙarara. A Dhaka ta Bangaladesh, Mohammod Chisti ya haɗa wani sauƙaƙan abu da kwalbar ruwa da bututu wanda ke barin ɗan matsi a hancin yaro. A rahotonsa na 2015 kashi 4 suka rasu a cikin waɗanda aka sa wa, kashi 15 a cikin masu oksijin zalla. Da aka kai irin dabarar asibitin gundumar Salima a Malawi, inda babu likita mai zagayawa kullum, sai lissafi ya juye: kashi 17 suka rasu a cikin waɗanda aka sa wa, kashi 11 a cikin masu oksijin zalla, aka dakatar da gwajin. Shi ya sa nake ganin idan kuɗi ya samu a arewacin Yobe, oksijin mai ɗorewa da hasken rana, da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna shi, da horar da ma'aikata tare da riƙe su a wurin, su ya kamata su riga bentileta shiga kasafi. Ba ina cewa kada a saye ta ba. Mai jijjiga ko wanda ya sha guba, kwana biyu a kanta na iya mayar da shi gida da ƙafarsa.

Akwai ma matsalar ganin ciwon. Ka'idar da aka tsara a Balin, aka buga a 2012, ta ce ba za a kira shi ARDS ba sai da gwajin iskar jini da hoton ƙirji da matsin na'ura. Elisabeth Riviello da likitocin asibitin koyarwa na Kigali a Ruwanda suka maye gurbin waɗannan da ma'aunin yatsa da hoton sikanin irin wanda ake duba masu ciki da shi. A cikin mutum 1,046 da aka kwantar, suka samu 42 da ciwon, rabinsu suka rasu, kuma da tsohuwar ka'ida ko ɗaya ba za a ƙirga ba. A 2023 masanan duniya suka shigar da tsarin Kigali cikin sabon bayanin ciwon.

Huhun da ya fi kowane rauni shi ne na jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba. Ɗan kilo uku abin da yake buƙata a numfashi ɗaya mililita 15 ne zuwa 20, ƙaramar jakar jarirai kuwa ta ninka haka fiye da sau goma. A 1997 Björklund da abokansa a Lund ta Suwidin suka ba 'yan tumakin da aka haifa bakwaini manyan numfashi guda shida kacal da jaka a mintunan farko, kuma shidan nan suka isa su lalata huhun har maganin da aka ba su daga baya ya kasa aiki yadda ya kamata. Amma jakar nan dai, a hannun ungozomar da aka horar, ita ce ta taimaka wajen rage mutuwar jarirai a ranar farko da kashi 47 cikin ɗari a asibitoci takwas na Tanzaniya, a rahoton da aka buga a 2013. Abin da aka koya musu shi ne su fara cikin minti guda da haihuwa, su tabbatar murfin ya zauna daram a kan hanci da baki, su matsa da yatsu biyu ko uku, idonsu a kan ƙirjin jaririn.